Fim ya ɓata min Faramir, ni kuma na ɓata wa amaryata rai

Anti, assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne, shekarata 31, wata biyar ke nan da aurena. Damuwata idan na faɗa wa abokai dariya suke yi min, shi ya sa na kawo ta wurinki.

Ina aji huɗu na sakandare na tsinci littafin The Lord of the Rings na Tolkien a cikin akwatin littattafan wani kawuna da ya rasu. Na yi ta maimaita shi har bangonsa ya rabu. Finafinan da aka yi a kansa kuwa da gangan na ƙi kallo duk shekarun nan, don kada su ɓata min abin da ke kaina. Lokacin da nake neman matata, idan na je zance labarin nake ba ta da Hausa kaɗan-kaɗan, har ya zama da na zauna za ta ce, “To, ina muka kwana?” Bayan biki ta ce tana son ganin mutanen nan da idonta. Na samo finafinan uku, dogayen da aka ƙara musu abin da aka yanke a silima.

Na farko na daure, duk da cewa na yi ta tsayar da shi ina gyara musu kurakurai. A na biyu ne abin ya lalace. Akwai wani Faramir, wanda duk cikin littafin babu wanda nake so kamarsa, domin Zoben da kowa ke kwaɗayi ya shigo hannunsa amma ya ƙi taɓa shi. A fim sai ga shi ya sa an lakaɗa wa Gollum ɗan jagora duka, ya kama Frodo mai ɗauke da Zoben, yana cewa Zobe zai tafi wurin ubansa. Raina ya ɓaci, na kashe talabijin. Sai ta ce ita dai wannan Faramir ɗin ya shiga ranta, domin ɗan bora ne da ke neman ubansa ya dube shi ko sau ɗaya. Na ce mata wanda bai karanta littafin ba ai ba shi da bakin magana. Ta yi shiru, can ta ce, “Ka dai san Turancina bai kai nan ba.” Ta tashi ta shiga ɗaki.

Yau mako uku. Ba ta rage ni da komai ba a hidimar gida, amma hirar dare ta mutu. Na ajiye mata littafin a gaban madubinta, ko taɓa shi ba ta yi ba. Anti, laifi ne don na kare abin da nake so? Ta yaya zan sa ta karanta, ta gane abin da nake nufi? Kuma fim na uku fa, mu haƙura da shi?

Wa alaikumus salam, ango.

Dariya kam ba zan yi maka ba. Amma ka ƙulla abubuwa biyu a tsumma ɗaya ka miƙo min, kana so in yanke musu hukunci ɗaya. Batun Faramir kana da gaskiya, kuma zan ba ka ita cikakkiya. Batun matarka ba ka da ko ƙwaya. Bari in fara da wanda zai yi maka daɗi, domin na lura sai an saurari kukanka kafin kunnenka ya buɗe.

Faramir na littafi ba ƙaramin abu ba ne a wurin Tolkien kansa. A watan Mayun 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya rubuta wa ɗansa Christopher, wanda ke horon tuƙin jirgin yaƙi a Afirka ta Kudu, cewa wani sabon mutum ya faɗo masa cikin labari, bai shirya shi ba, bai ma neme shi ba, kawai ya gan shi yana tafe cikin dajin Ithilien. Shekaru bayan haka ya ce idan akwai wanda ya yi kama da shi a duk mutanen littafin, to Faramir ne, sai dai shi bai kai shi jarumta ba. Har mafarkin da ya daɗe yana damunsa, na wata ƙatuwar igiyar ruwa da ke tasowa ta rufe ƙasa, Faramir ya bai wa. Ka tuna kuma wanda ya rubuta wannan mutum ya je fagen daga na Somme a 1916, a yaƙin duniya na ɗaya, ya dawo ya bar aminansa biyu a can. Da ya sa Faramir yana cewa shi ba kaifin takobi yake ƙauna ba, abin da takobin ke karewa yake ƙauna, ba daga kan kujera ya samo maganar ba.

A littafi, cikin kogon nan da ke bayan ruwan da ke zubowa daga saman dutse, bakin Sam abokin tafiyar Frodo ne ya suɓuce ya tona asirin Zoben. Faramir ya miƙe tsaye, idonsa na ƙyalli, ga mayaƙansa ko'ina, ga Frodo da Sam, hobit biyu, wato gajerun mutanen da ba su kai masa ƙirji ba. Sai ya koma ya zauna yana dariya. Tun kafin ya san ko mene ne abin, ya riga ya ce ko a bakin hanya ya gan shi yashe ba zai ɗauka ba, kuma ya riƙi wannan magana a matsayin alƙawari. Da zai sallame su ya ba su guzuri da sanduna, ya gargaɗe su a kan hanyar da Gollum zai bi da su. Wannan shi ne mutumin da ka girma da shi, kuma ba shi ne aka nuna maka ba.

Waɗanda suka rubuta fim ɗin, Peter Jackson da Fran Walsh da Philippa Boyens, ba su ɓoye dalilinsu ba. Tolkien ya raba juzu'i na biyu gida biyu: rabin farko na su jarumi Aragorn ne, sauran abokan tafiyar Frodo, rabi na biyu na Frodo da Sam, kuma ya ƙare da Shelob, ƙatuwar gizo-gizon nan. Fim kuwa dole ya riƙa tsallakawa tsakanin ɓangarorin biyu a lokaci guda. Idan ka duba jadawalin kwanaki da Tolkien ya sa a ƙarshen littafin, an gama yaƙin Helm's Deep da fiye da mako guda kafin su Frodo su shiga ramin Shelob, lokacin ana shirin yi wa Minas Tirith, birnin su Faramir, ƙawanya. Don haka suka ɗage ta zuwa fim na uku. Da suka ɗage ta, sai tafiyar Frodo a fim na biyu ta zama babu wani shinge a gabanta, sai suka mayar da Faramir shingen. Dalilinsu na biyu shi ne sun shafe sa'o'i suna koya wa mai kallo cewa Zoben nan ba ya barin kowa, to idan wani ya zo ya kalle shi ya kau da kai cikin sauƙi, ƙarfinsa ya mutu a idon mai kallo.

Dalili na farko na karɓa, aikin sana'a ne. Na biyu ban karɓa ba. Faramir na littafi bai ce Zoben ba ya jan sa ba. Cewa ya yi ya san akwai haɗarin da maganinsa gudu, wato mutum ne da ya san kansa, bai tsaya gwada ƙwanji da abin da ya fi ƙarfinsa ba. Kuma su da kansu sun nuna ana iya ɗaukar wannan a kyamara. A ƙarshen fim na farko sun ƙirƙiri wani wuri da babu shi a littafi, inda Frodo ya miƙa wa Aragorn Zoben, shi kuma ya durƙusa ya rufe masa tafin hannu a kansa. Wato sun ɗauki halin Faramir sun yafa wa Aragorn, da suka zo kan mai abin sai suka ce ba zai yiwu ba. Dukan da aka yi wa Gollum kuwa ba ni da abin da zan kare shi da shi.

Ba kai ka fara wannan fushi ba, kuma waɗanda suka riga ka sun fi ka kusa da gidan. A 1957 aka kawo wa Tolkien tsarin wani fim da wasu Amurkawa ke son yi, wanda wani Morton Zimmerman ya rubuta. A 1958 ya bi shi ɗaya bayan ɗaya yana yagawa, cikin doguwar wasiƙa mai zafi. A ciki har ya ce idan lokaci bai isa a nuna bishiyoyin nan masu tafiya da yaƙin Helm's Deep yadda ya kamata ba, to a jefar da yaƙin. Jackson kuwa yaƙin ya mayar ƙashin bayan fim na biyu. Christopher, wanda ya zana taswirar littafin kuma ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara rubuce-rubucen mahaifinsa, ya shaida wa jaridar Le Monde ta Faransa a 2012 cewa an farke cikin littafin an mayar da shi fim ɗin faɗa na matasa 'yan shekara 15 zuwa 25. Sai dai ka haɗa da wannan: Tolkien ɗin dai shi ne ya ce shi da mai buga masa littafi sun yanke shawara, ko dai a ba su iko a kan yadda za a yi fim, ko a ba su kuɗi masu kauri. A 1969 ya sayar wa kamfanin United Artists haƙƙin a kan fam 100,000 da ɗoriya. Ya san abin da ya sayar.

To, na ba ka gaskiyarka. Yanzu ka gyara zama.

Ka ce kai ka ba ta labarin a zance, da Hausa. Ina da tambaya. Da kuka zo Tsohon Daji, ka rera mata waƙoƙin Tom Bombadil? Ka gaya mata cewa shekara 17 Frodo ya yi zaune a gida da Zoben bayan tafiyar Bilbo, wanda ya bar masa shi, kuma yana da shekara 50 ya kama hanya? Doguwar muhawarar nan ta gidan Elrond, inda kowane dattijo ke miƙewa ya ba da tarihin kakanninsa, ka kawo mata ita kalma-kalma, alhali ƙanenta na leƙowa yana cewa an ce ta shigo dare ya yi? Ba ka yi ba. Ka duba fuskarta, inda ka ga idonta ya buɗe ka ja labari, inda ka ga tana wasa da gefen mayafi ka tsallake. Na tabbata soyayyar Aragorn da Arwen, wadda Tolkien ya tura yawancinta can cikin rataye a ƙarshen littafi, kai gaba-gaba ka jawo ta, domin zance ka je ba lacca ba. Abin da ka yi ke nan, kuma shi ne abin da Jackson ya yi, sai dai kai mai sauraronka mutum ɗaya ce, shi kuwa duniya yake nema ta sayi tikiti. Duk wanda ya taɓa ɗauko wannan littafi zuwa wani wuri sai da ya yanke. Fim ɗin zane na Ralph Bakshi a 1978 ya jefar da Bombadil. Wasan rediyo na BBC a 1981, mai kashi 26, wanda masoya littafin ke yabo har gobe, shi ma ya jefar da shi. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Labarai da yawa na Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da na Turawa Abubakar Imam ya ɗebo su, ya sauya musu suna da gari da tufafi, kuma ba mu taɓa jin an zalunce mu ba.

Ban ce duk yanka ɗaya ba ne. Wani yanka gyara ne, wani ɓarna. Abin da nake so ka gani shi ne matarka ba ta zo wa labarin nan hannu rabbana ba. Ta san shi, kuma a bakinka ta san shi. Ranar da ka ce ba ta da bakin magana, watannin nan na zance ka soke, kamar ka ce mata abin da na ba ki jabu ne, na gasken yana wurina.

Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, maganar da ta faɗa daidai ce, kuma daga cikin littafinka ta fito. Buɗe juzu'i na uku, babin ƙawanyar Gondor, ƙasar su Faramir. Faramir ya dawo gaban ubansa Denethor, mai riƙon sarautar birnin, ya faɗi cewa ya saki su Frodo. Uban ya yi masa tatas, ya ce da babban ɗansa Boromir ne da ya kawo masa kyauta mai girma. Faramir ya tambaye shi ko ya so a ce shi ne ya mutu wansa ya rayu, uban ya ce ƙwarai kuwa. Washegari ya tura shi Osgiliath, wurin da kowa ya san ba zai karu ba. Da zai fita ya roƙi uban, idan ya dawo ya ɗan kyautata masa zato, uban ya ce ya danganta da yadda ya dawo. Tolkien ne ya rubuta wannan, ba Jackson ba. Gyara ɗaya kawai za a yi wa matarka: uwarsu ɗaya, Finduilas, ta rasu Faramir na da shekara biyar, Boromir kuma ya girme shi da biyar, kuma wan bai taɓa nuna masa komai ba sai ƙauna. Ban da wannan, yarinyar nan ta kalli rabin fim ta cafko jijiyar mutumin. Fim ya tambaya ne: yaron da aka yi wa irin wannan riƙo, idan abin da zai saya masa soyayyar uba ya faɗo hannunsa, zai iya saki nan take? Littafi ya ce zai iya. Fim ya ce zai iya, amma sai ya yi tuntuɓe tukuna. Wannan muhawara ce mai daɗi da za ku kai tsakar dare kuna yi, kai da hujjarka ita da tata. Ta buɗe maka ƙofarta, kai kuma ka tambaye ta takardar shaida.

Ka kuma lura ba ka ga ƙarshen abin da ka yanke wa hukunci ba. Da ka bar talabijin ɗin nan a kunne, da ka ga Faramir ya saki su Frodo a Osgiliath, bayan an tuna masa cewa dokar ubansa kisa ta tanada ga wanda ya yi haka, ya ce ya ji ya gani. Bai zama na littafi ba, amma ba a bar shi a inda ka bar shi ba. Kai da kake zargin wata da yin magana a kan abin da ba ta karanta ba, ka yi fushin mako uku a kan abin da ba ka gama kallo ba.

Akwai tambayar da ban ga alamar ka yi wa kanka ba. Me ya sa, cikin mayaƙa da sarakuna da dodanni, ɗan da uba ba ya gani ne ya tsaya mata a rai? Wataƙila tausayi ne kawai irin na mai kallo. Wataƙila kuma ta san wani, ko ta san abin a jikinta. Kai ka san gidansu, ni ban sani ba, kuma ban ce ka je ka titsiye ta ba. Amma a wata biyar na aure mace ba ta cika fitowa ta ce ga ciwona ba. Takan nuna wani a fim ta ce wannan ya ba ni tausayi, ta saurara ta ji yadda za ka karɓa.

Yanzu ga ainihin raunin. Kai a ranka littafi kake karewa. Ita abin da ta ji shi ne: mijina malamin makaranta ne, ni ban kai ba, kuma yau ya faɗa da bakinsa. Amsarta ta nuna maka wannan tunani ya daɗe a zuciyarta, ba ranar ya fara ba. Tana yiwuwa tun ana neman aure take auna kanta da matan da kuka yi jami'a tare, tana jiran ranar da za ka gaji. Labarin da kake ba ta da Hausa shi ne ya kwantar mata da hankali cewa duniyarka tana da wurin zamanta. Shi ya sa ba girki ta daina ba, ba gaisuwa ta daina ba, hira ta daina. A wurin hira aka mare ta.

Littafin nan da ka ajiye a gaban madubi, ka ɗauke shi yau, kafin ka gama karanta amsar nan in da hali. Na san da kyakkyawar niyya ka ajiye. Amma shafi sama da 1,000 ne, da Turancin da ko 'yan Ingila na yau wasu ke kuka da tsufansa, kuma kullum ta zo shafa mai sai ta gan shi yana maimaita mata maganarka. Tambayarka ta yadda za ka sa ta karanta ba ni da amsarta, domin ba na so ka sa ta. In wata rana ta nema don kanta, ka taya ta. In ba ta nema ba har abada, babu abin da ya ragu a aurenku.

Haƙurin da za ka ba ta kuma kada ka sa Faramir a ciki. Na san irinku, za ka fara da “ki yi haƙuri” ka ƙare da “amma da kin ga yadda yake a littafi”. Da ka ce amma, ka zubar. Ka sami lokacin da babu baƙi, babu waya a hannu, ka kira ta da sunan da kake kiranta, ka ce maganar da na faɗa miki ranar nan ba ta dace ba, raini ce, kuma ba haka kike a wurina ba. Ka ce abin da kika faɗa a kan yaron nan gaskiya ne, na koma na duba na gani. Sai ka yi shiru. Idan ta ce ba komai, kada ka yi saurin murna, “ba komai” na farko na kunya ne. Ka bar ta ta faɗi nata ko da zai yi maka ɗaci, ko da ta haɗo da wasu ranakun da kai ka manta ka gyara mata magana a gaban mutane. Malaman makaranta kuna da wannan, jan biro ba ya barin hannunku ko a gida. Tsayar da fim na farko da ka yi ta yi kana gyara, ita ma ka sa ta cikin abin da za ka nemi afuwa a kai. Mace ta zauna kallo da angonta, ta tsinci kanta a aji.

Ka gaya mata batun kawunka ma. A wasiƙarka layi ɗaya ka ba shi ka wuce, amma ina jin rabin zafin nan nasa ne. Littafin da yaro ya tsinta a kayan mamaci ba ya zama littafi kawai, kuma shekaru da dama kai kaɗai ne a cikinsa, kai ka zaɓa wa kowa fuska da murya. Rana ɗaya wani mutumin New Zealand, wato Jackson, ya zo da nasa fuskokin, matarka kuma ta yi musu maraba a gabanka. Akwai kishi a ciki, ango, kada ka ji kunyar faɗa. Idan ta san wannan za ta gane ba da ita kake faɗa ba. Amma bayan ban haƙuri za ka kawo shi, a wani zaman dabam, kada ya zama uzuri.

Fim na uku kada ku haƙura da shi. Sai dai ga sharaɗina: ka fara kallonsa kai kaɗai, a waya ko a kwamfuta, ka yi duk tsakin da za ka yi inda ba ta ji. Kuma bari in rage maka zafi tun yanzu. Za ka ga Frodo ya kori Sam a kan matakalar dutse saboda makircin Gollum a kan gurasa, abin da bai taɓa faruwa a littafi ba, kuma a wurina ya fi na Faramir ciwo. Za ka ga an mayar da Denethor wani mahaukacin tsoho mai cin abinci yana zuba a haɓa, ba a nuna dutsen gani da Sauron, mugun da ya ƙera Zoben, ya yi amfani da shi ya karya masa zuciya ba, har Gandalf mai sihiri na dukansa da sanda. Rundunar matattu, wadda a littafi aikinta ya ƙare a Pelargir, za ta zo har bakin Minas Tirith ta share fage. Saruman, mai sihirin da ya ci amana, zai mutu tun farko a hasumiyarsa, a dogon da ke hannunka ke nan. A wanda aka nuna a silima a 2003 ko ganinsa ba a yi ba, abin da ya ɓata wa Christopher Lee, wanda ya fito a matsayinsa, rai, shi da yake karanta littafin duk shekara kuma ya taɓa haɗuwa da Tolkien ido da ido. Sannan babban rashi: komawar hobit gida su tarar an sare bishiyoyi, an kafa dokoki da 'yan sanda, su tashi su ƙwato ƙasarsu da kansu, babu shi sam. Tolkien ya faɗa a gabatarwar bugu na biyu cewa wannan babi ginshiƙi ne da ya hango tun farkon rubutu. A fim sun dawo sun tarar da komai yadda suka bari.

Idan ka gama fushin, ka sake kallo da idon adalci, domin akwai wuraren da fim ya yi abin da takarda ba ta yi ba. Mutuwar Boromir ka riga ka gani: a littafi Aragorn ya iske shi ne jingine da bishiya, kibau a jiki, an gama faɗan, fim kuwa ya tsayar da kai a wurin. Gardamar da Gollum ke yi da kansa, yadda ɗan wasa Andy Serkis ya yi ta, ina shakka ko kanka ya taɓa zana maka ita haka. A na uku akwai kunna wutar neman agaji daga tsauni zuwa tsauni, wadda a littafi 'yan layuka ce, a fim kuwa da kiɗan Howard Shore sai tsigar jikinka ta tashi. Alan Lee da John Howe, waɗanda suka yi shekaru suna zana hotunan littattafan Tolkien, su aka ɗauko suka tsara kamannin birane da gidaje. An ɗauki finafinan uku a haɗe daga Oktoban 1999 zuwa Disamban 2000, bayan kamfanin farko ya nemi a matse labarin duka cikin fim ɗaya, kamfanin New Line ya karɓa ya ce uku za a yi. Ka yi tunanin abin da za a yi wa Faramir ɗinka a fim ɗaya na sa'a biyu. Ko sunansa ba za ka ji ba. Kyautar Oscar 11 da na ukun ya lashe a 2004 ba hujja ba ce cewa ya bi littafi, amma ba ragwaye suka yi aikin ba.

Ranar da za ku kalla tare, ku fara daga inda ka kashe na biyu, kuma rimot a hannunta zai zauna. Ba gyara, ba tsaki, ba “a littafi dai”. In ta tambaya ka amsa gajere. In ta yi kuka a wurin da kai ka ga an ɓata, ka bar ta ta yi kukanta, nata kallon ne. Bayan an gama, idan ta ce yaya ka gani, ka faɗi gaskiya, ba na so ka koma yi mata ƙaryar ya burge ka don a zauna lafiya, za ta gane kuma raini ne shi ma. Ka ce ni wuri kaza bai yi min ba saboda kaza, ke fa? In ta saɓa maka, ka nemi hujjarta kamar yadda za ka nemi ta abokin aikinka a ɗakin malamai.

Kada kuma ka ɗauka za ta amsa gayyatar nan take. Mai yiwuwa ta ce ita ta gama da fim ɗin nan. Ka ce to, ka bar maganar, ka tambaye ta abin da ita take so ku kalla ko ku saurara, ko da littafin soyayya ne da ake karantawa a YouTube wanda kai kake ganin bai kai ba. Ka zauna ka saurara har ƙarshe, ka san sunayen mutanen ciki. Wata nawa ta yi tana bin ka ƙasar da ba ta taɓa jin sunanta ba, kai ko sau ɗaya ka bi ta tata?

Akwai wasu finafinai uku da Jackson ya sake yi daga 2012 zuwa 2014 a kan The Hobbit, ɗan littafin yara na 1937 mai shafi wajen 300, aka ja shi ya kusa sa'a takwas, har da wata jaruma Tauriel da Tolkien bai taɓa rubutawa ba, aka kuma haɗa ta soyayya da ɗaya daga cikin wadannin. Waɗannan kada ka shigo da su gidan nan sai aurenku ya shekara biyu aƙalla.